Sauyin Yanayi: Laifin Mai Ji Ne Ko Na Mai Faɗa?

 Yau ina so mu tattauna a kan wata magana da ta cika mana kunne a rediyo da talabijin da wajen taron bita, wato maganar sauyin yanayi. Abin da ya sa na ɗauko ta shi ne, an daɗe ana yi mana bayaninta, amma har yau in kika zaga gidajen unguwa kika tambaya, da ƙyar za ki samu wadda za ta gaya miki abin da ake nufi. Wata ta ce miki zancen Turawa ne, wata ta ce hanyar cin kuɗi ce ta 'yan boko, wata kuma ta ce ke dai bar wa Allah ikonsa.

Masu bayanin in sun ga haka sai su ce ai matan namu ne ba su waye ba. Ni kuwa a nawa ganin, macen da take riƙe lissafin adashin mutum ashirin a ka, ta juya mudu biyu ya ciyar da gida guda, ba za a ce kanta ya kasa ɗaukar wannan magana ba. In malami ya shekara yana biya karatu ɗalibai ba su ɗauka ba, to shi ma a duba yadda yake biyawa. Saboda haka sharhin nawa a kan masu bayanin ne, kuma ina roƙon kada su ji haushi, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Maganar da suke ɗauke da ita gaskiya ce, duniya tana ƙara zafi kuma aikin ɗan Adam ne ya jawo. Yadda suke kawo mana ita ne yake da gyara.

ƘANƘARAR DA BA MU SANI BA

Abu na farko shi ne harshe da misalan da ake zuwar mana da su. Mai bayani zai kunna majigi ya nuna miki dutsen ƙanƙara yana narkewa can ƙarshen duniya, da wata farar dabba mai gashi a tsaye a kai tana neman wurin sa ƙafa, wai ki tausaya mata. Yo ke da ƙanƙarar da kika sani ita ce ta cikin zoɓo da kunun aya, wadda ake saye da tsada lokacin azumi, ina ruwanki da wannan dabba? Sannan ya kama magana rabi Hausa rabi Turanci, ya ce duniya ta ƙara zafi da digiri ɗaya da rabi, ya tsaya yana jiran ki firgita. Ba za ki firgita ba, domin kin san tsakanin asuba da azahar ma zafin da yake ƙaruwa ya ninka haka sau da yawa, kuma ba ki mutu ba.

Wani kuma don ya sauƙaƙa sai ya ce lemar sararin sama ce ta huje, rana take zubowa ta ramin. Wannan magana ta shiga kan mutane ƙwarai, alhali wata matsala ce daban. Ramin lemar ozon an gano shi a 1985 a saman yankin ƙanƙara na kudancin duniya, sinadaran da ake zubawa a firji da gwangwanin feshi ne suka jawo shi, ƙasashe suka yi yarjejeniya a birnin Montreal a 1987 suka hana amfani da su, kuma ramin yana warkewa a hankali. Wanda ya cakuɗa miki biyun ya bar ki da ɓataccen karatu.

Da ni ce aka ba wa lasifikar, daga tsakar gida zan fara. Kowace mace ta san daren hunturu, lokacin da iska ta bushe ƙayau, sanyi yake sauka har ya shiga ƙashi, amma daren bazara da hadari ya haɗu bai zubar ba, ɗaki ba ya kwantuwa sai an fito da tabarma waje. Dalili kuwa, ƙasa tana shan zafin rana da yini, da dare ta riƙa sakin sa kamar tukunyar da aka sauke daga murhu. In iska a bushe take zafin sai ya tsere sama, in kuwa akwai laima da gajimare sai su tare shi kamar murfi. To a cikin iskar da muke shaƙa akwai wani kaso da ake kira iskar kabon, ita ma haka take tare zafi, kamar bargo da aka lulluɓa wa duniya. Bargon nan rahama ne, domin da babu irinsa da duniya ta daskare ba mai iya zama a cikinta. Matsalar ita ce duk lokacin da aka ƙona fetur ko dizal ko gas ko gawayin kwal, iskar kabon ake ƙarawa. Kafin zuwan masana'antu, in an kasa iska kashi miliyan, kashi 280 ne kabon. A 1958 da aka fara aunawa a kan wani dutse a tsibirin Hawai an samu 315. Yanzu ta wuce 420. Bargo ya ƙara kauri, kuma babu mai iya yaye shi cikin dare ɗaya. In wata ta ce kashi 420 cikin miliyan ai ba komai ba ne, ki tambaye ta kanwa nawa take jefawa a tukunyar miya, kuma me yake faruwa in hannunta ya zarce.

Wani abin da bai kamata a ɓoye mana ba, mace tana cikin waɗanda suka fara gano wannan abu. A 1856 wata Ba'amurkiya mai suna Eunice Foote ta ɗauki kwalaben gilashi, ta cika ɗaya da iskar da muka saba, ɗaya da iskar kabon, ta sa musu ma'aunin zafi ta ajiye a rana. Ta kabon ta fi ɗaukar zafi, kuma ta fi daɗewa ba ta huce ba. Da za a gabatar da bincikenta a taron masana, namiji ne ya karanta a madadinta, daga nan aka manta da ita sama da shekara 150. Kin ga ke nan ilimin nan daga kwalba da hasken rana ya faro, abin da kowace uwargida za ta gane in an gaya mata.

Shi kuma digiri ɗaya da rabin nan, a jikin yaro ya kamata a auna mana shi. Zafin jikin lafiyayye digiri 37 ne, da ya kai 38 da rabi kin san ba barci a gidan ranar. To haka duniya take, ita ma zazzaɓi take yi, kuma shekarar 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi a 1850. Ga kuma tambayar da mutane suke yi, wai fari za a yi ko ambaliya, ku tsaya a magana ɗaya mana. Amsarta tana kan igiyar shanya. Ranar da ake zafi kaya sun fi saurin bushewa, domin iska mai zafi ta fi kwasar ruwa. Duk digiri ɗaya da aka ƙara, iska tana iya ɗaukar ƙarin laima kusan kashi 7 cikin 100. Tana tsotse gona da rijiya da sauri, ranar da za ta sauke kuwa sai ta juye gaba ɗaya. Wani bincike da aka fitar a 2017 ya nuna manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau 3 a yankinmu na Sahel tun daga 1982. Shi ya sa a damina ɗaya sai shuka ta ƙone a farko, a ƙarshe ruwa ya cinye abin da ya rage.

AN BAR JAKI ANA DUKAN TAIKI

Abu na biyu shi ne wanda ya fi ƙona mini rai. Kusan duk bayanin da za a yi, a kan murhun mace yake ƙarewa. Ku daina girki da itace, ku daina gawayi, ku ne kuke sare daji, ku ne kuke ɓata yanayi. Na taɓa zama a wani taron bita inda mai jawabi ya fito daga mota mai sanyi, janareto yana ta ruri a bayan ɗakin taro, ya shafe awa yana yi wa matan karkara faɗa a kan ƙiraren da suke tsintowa. Wata dattijuwa ta ce masa, "Ɗana, to da me zan dafa tuwon?" Ya ce ta sayi gas. Ɗakin ya yi tsit, kuma daga nan babu wadda ta sake sauraronsa. Kananzir ya fi ƙarfin talaka har risho ya zama kayan tarihi a gidaje da yawa, gas kuma sai mai hali, wutar lantarki sai an ga dama. Wanda bai kawo wa mace abin da za ta maye murhu da shi ba, bai kamata ya ɗaga mata murya ba.

Kuma in za a yi adalci a kawo lissafi. Nahiyar Afirka gaba ɗayanta, abin da take fitarwa na iskar kabon daga fetur da gas da kwal bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba. Ƙasar Sin ce ta fi kowa fitarwa a yanzu, Amurka kuma ita ta fi kowa tarawa in an haɗa tun daga farko. Ba'amurke ɗaya yana fitar da kusan tan 14 a shekara, ɗan Najeriya bai kai tan 1 ba, ɗan Nijar ma bai kai na ɗan Najeriya ba. A cikin gida ma, gas ɗin da kamfanonin mai suke ƙonawa a banza dare da rana a yankin Neja Delta ya sa Najeriya tana cikin ƙasashe goma da suka fi wannan ɓarna a duniya. Me ya sa ba a fara bayani daga nan? Irin wannan ɗora laifi ma ba yau aka fara ba. Lokacin farin 1973 da na 1984 an yi ta cewa makiyaya da manoma ne suka cinye ciyawa da itatuwa har ruwa ya ɗauke. Daga baya bincike ya nuna sauyin zafin ruwan teku ne babban dalili, kuma hayaƙin masana'antun Turai da Amurka yana da hannu a ciki.

Kada kuma a fahimce ni baibai. Sare itatuwa ba tare da maye su ba ɓarna ce, yana ƙara iskar kabon, yana buɗe wa iska da rairayi hanya, yana sa ruwa ya zaizaye gona. Hayaƙin murhu kuma cuta ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki a cikin gida yana hallaka mutum kusan miliyan 3 a kowace shekara, kuma mata da yaran da ake goye da su a bakin murhu ne suka fi shaƙa. To a gaya wa mace haka. A ce mata murhu mai tsimin itace zai rage mata kuɗin cefane, ya rage mata tari da jan ido, ya kare ƙirjin goyonta, sannan a sayar mata da shi a farashin da za ta iya. Wallahi za ta karɓa da hannu biyu. Amma a ce mata ita ta narkar da ƙanƙarar ƙarshen duniya, ta san ba gaskiya ba ne, kuma daga ranar ta daina yarda da sauran maganar.

KOMAI YA FARU A CE SAUYIN YANAYI

Abu na uku shi ne zuzutawa. Yanzu an samu wurin fakewa, gini ya rushe a ce sauyin yanayi, kwalbati ya toshe a ce sauyin yanayi, hatsi ya yi tsada a ce sauyin yanayi. A ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri, dubban ɗaruruwan mutane suka rasa matsuguni. Gaskiya ne an yi ruwa mai yawa a wannan damina, amma kuma an daɗe ana kukan rashin gyaran madatsar. Mutanen Kano ba su manta ɓallewar dam ɗin Bagauda a 1988 ba. A cikin birni kuwa, kududdufan da kakanninmu suka bari suna shanye ruwan sama an cike da yawansu an yi gini a kai, kwatoci sun cika da leda da shara, wasu ma daga gidajenmu muke zubawa. In mai bayani ya tattara duk wannan ya jingina wa sama, ya wanke wanda ya ci kuɗin gyara, ya wanke wanda ya sayar da filin hanyar ruwa. Mai sauraro kuwa ba yaro ba ne, ya san wanda ya cike kududdufin unguwarsu.

Haka maganar Tafkin Chadi. Gaskiya ne a shekarun 1960 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, kuma farin shekarun 1970 da 1980 ya ƙafar da kusan kashi 90 cikin 100. Amma tun daga shekarun 1990 ruwan ya ɗan farfaɗo, hotunan tauraron ɗan Adam sun nuna haka. Duk da haka sai ki ji mai jawabi yana cewa tafkin yana gab da ɓacewa, alhali masuncin Baga ko na Bosso ya san shekarun nan wani lokacin ruwan har gona yake ci. Abin da yake damun mutanen wurin shi ne ruwan ya daina tsayawa a kan ƙa'ida, ga rashin tsaro a kai. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma irin wannan ƙarin gishiri shi ne tsagar da mai shakka yake shiga ta ciki.

Gaskiyar da ba a yi mata ƙari ba ma ta isa. A ambaliyar 2022 mutum sama da 600 suka rasu a Najeriya, kusan miliyan 1.4 suka bar gidajensu, Jigawa tana cikin inda abin ya fi muni. Masana da suka yi bincike a kai sun ce ɗumamar duniya ta sa irin wannan damina ta fi yiwuwa kusan sau 80. A 2024 Nijar ta rasa mutum sama da 300 a ambaliya, har tsohon masallacin Damagaram na ƙasa ya rushe. Abin da ya kamata a ce mana shi ne, ruwan ya ƙaru daga sama, sakaci kuma ya ƙaru a ƙasa, kowanne a kira shi da sunansa.

MAI SHAKKA MA YANA DA HUJJA

Abu na huɗu shi ne raina mai tambaya. Tsoho zai ce, "Fari ai tun kaka da kakanni ana yin sa." Sai a yi masa dariya, alhali gaskiya ya faɗa. An yi yunwar Kakalaba a ƙasar Hausa a 1913 zuwa 1914, lokacin da babu mota sai ɗaiɗai. Amsar da ta dace da shi ita ce, haka ne Baba, kuma farashin hatsi ma tun da can yana hawa yana sauka, da kaka ya faɗi, da damina ya tashi. Amma in an ɗauki kuɗin mudu na yau an gwada da na shekara ashirin baya, ko arahar kakar bana ta fi tsadar daminar wancan lokaci. Haka zafi yake. Za a yi shekara mai sanyi, za a yi hunturu mai tsanani, amma in an jera shekarun a duba, sama abin yake yi. Wadda ta ce bana an yi sanyi saboda haka ƙarya ne, kamar wadda ta sayi gero da araha ranar kasuwa ɗaya ce ta ce babu tsadar rayuwa.

Wata kuma za ta ce ikon Allah ne. Wannan babu musu, babu abin da yake motsi sai da ikonsa. Mai bayanin da ya taɓe baki don an faɗi haka ya rufe wa kansa ƙofa. Amma 'yar'uwa, Allah ya sanya wa abubuwa sababi. In kika bar tukunya a wuta kika tafi hira tuwo ya ƙone, da ikon Allah ya ƙone, kuma duk da haka maigida ke zai tambaya. In yaro ya yi zazzaɓi muna yi masa addu'a muna kuma kai shi asibiti. Labarin Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, kowa ya san shi, an sanar da zuwan shekarun fari, shi kuma ya ba da shawarar tanadin hatsi tun a shekarun wadata. Wanda aka yi wa gargaɗi ya yi tanadi bai fita daga tawakkali ba.

Akwai kuma mai cewa makircin Turawa ne don su hana mu ci gaba. Ban ga laifin wanda ya yi wannan zato ba, musamman in mai bayani ya karkata maganar ya koma kan yawan haihuwarmu. Sai dai a duba, lissafin nan su yake nuna wa yatsa, su ne ya ce su biya. A 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin dala biliyan 100 a kowace shekara don taimaka wa ƙasashe irin namu, ya kamata a cika a 2020, ba a cika ba sai 2022. A Janairun 2025 shugaban Amurka Donald Trump ya sa hannu a kan fitar da ƙasarsa daga yarjejeniyar Paris ta 2015, karo na biyu ke nan. Da makircinsu ne, da ba su riƙa gudun sa ba. Duk ranar da talaka ya ce ƙarya ne, mai bashin ya yafe bashinsa da kansa.

TO SAI ME ZA MU YI?

Abu na ƙarshe, ana tsorata mu a tashi a bar mu da tsoron. Bayanin da bai ƙare da abin da mace za ta yi gobe da safe ba, rabi aka yi. A farkon Afrilun 2024, ana cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma wani babban asibiti a Bamako ya ƙirga mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗu, da yawansu tsofaffi. A aikin Hajjin shekarar 2024 alhazai sama da 1,300 suka rasu, mafi yawa saboda zafi. To wa yake kula da tsoho da mai ciki da jariri a gida in ba mace ba? Ita ya kamata a koya wa alamomin bugun zafi, jiri da ciwon kai da ruɗewa da jiki ya yi zafi rau, a ce mata ta kai mutum inuwa, ta jiƙa masa jiki, ta ba shi ruwa in yana iya sha, ta garzaya da shi asibiti. A tuna mata tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri, sai an riƙa miƙa masa. Jaririn da bai kai wata shida ba a yawaita ba shi nono. Ɗakin kwano a samar masa silin ko rumfar zana, girkin rana a mayar da shi safe ko yamma in da hali.

A kuma ba mu labarin waɗanda suka yi nasara, tunda ba nesa suke ba. A yankin Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980 manoma suka koma barin tohon itatuwan da yake fitowa da kansa a gona, su zaɓi masu ƙarfi su sassabe sauran. Da haka aka farfaɗo da ƙasa kusan hekta miliyan 5, da itatuwa kusan miliyan 200. Gawo yana kaɗe ganyensa da damina ya zama taki, gero ya yi kyau a ƙarƙashinsa, 'ya'yansa su ciyar da awaki da rani, mata kuma su samu itacen girki daga rassan da aka sassabe ba sai sun yi doguwar tafiya ba. Hausawa ne 'yan'uwanmu suka yi wannan da gatari da lauje. A Najeriya kuma hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, yaushe ruwa zai sauka, yaushe zai ɗauke, ina ake tsoron fari a tsakiya. Uwargida tana iya tambayar maigida ko ya ji na bana kafin ya zuba iri, ko ya nemi iri mai saurin nuna. Tana iya hana a zuba shara a kwata. In 'yan siyasa sun zo da atamfa da sabulu, tana iya tambayar su maganar magudanar unguwa da gyaran dam.

Saboda haka kirana ga masu bayani, ku sauko ku zauna a tabarma, ku fara da tambayar matan abin da suka gani ya sauya a rijiya da gona da rumbu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku faɗi mai laifi da sunansa, kada ku ƙara gishiri, kada ku yi wa mai tambaya dariya. Ku kuma 'yan'uwana mata, kada rashin iya bayanin wani ya sa mu yar da gaskiyar da take cikin maganar, domin zafin a ɗakunanmu yake sauka, ruwan katangarmu yake ci. Wadda ta gane ta gaya wa maƙwabciyarta a gidan suna da gidan biki da wajen kitso, da Hausar da muke yi a tsakaninmu, in kunne ya ji jiki ya tsira. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga fari da ambaliya, ya sa mu dace.